Ceto Ta Wurin Bangaskiya Kaɗai

Sharhin yau a kan wata koyarwa ce ta addinin Kirista, wadda ake kira ceto ta wurin bangaskiya kaɗai. A kanta ne ikkilisiyar Turai ta rabu biyu shekaru ɗari biyar da suka wuce, kuma har gobe ita ce ginshiƙin wa'azin da ake yi a majami'un Furotesta.

Ga abin da koyarwar ta ƙunsa. Kowane ɗan Adam mai zunubi ne. Ba shi da abin da zai biya bashin zunubin nan da shi. Allah ne da kansa yake yafe masa, ya karɓe shi, albarkacin mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye da tashinsa daga matattu. Abin da ya rage wa mutum shi ne ya dogara ga wannan alkawari da zuciya ɗaya. Azumi da addu'a da sadaka da taimakon marayu duk suna da matsayinsu, amma ko ɗayansu ba ya sayen ceto. Aikin kirki yana biyo bayan ceto ne, ba ya gabansa. A riƙe wannan magana, domin za a yi ta dawowa kanta.

Masu bi suna amfani da kalmomi uku idan suna bayanin wannan. Akwai alheri, wato kyautar Allah ga wanda bai cancanta ba. Akwai bangaskiya. A nan ba yarda da baki kawai ake nufi ba, ana nufin jingina rai gaba ɗaya ga Almasihu. Sai kuma baratarwa, wato Allah ya yanke wa mai laifi hukuncin cewa babu sauran tuhuma a kansa.

To, daga ina koyarwar ta samo asali? Amsar tana cikin wasiƙun Manzo Bulus, musamman wadda ya rubuta wa Romawa da wadda ya rubuta wa Galatiyawa.

Mabiyan Yesu na farko Yahudawa ne. Suna da kaciya, suna kiyaye Asabar, suna bin dokokin abinci na Shari'ar Musa. Da bishara ta fara shiga cikin sauran al'ummai, sai tambaya ta taso. Shin Baheleni ko Barume da ya ba da gaskiya sai ya yi kaciya, ya ɗauki Shari'ar Musa, kafin a lasafta shi cikin jama'ar Allah? Wasu suka ce dole ne. Bulus ya ce sam. Maganar ta yi zafi har ya tsawata wa Manzo Bitrus ido da ido a birnin Antakiya, saboda Bitrus ya janye daga cin abinci tare da masu bi marasa kaciya.

Hujjar Bulus ta fito ne daga labarin Ibrahim. A Littafin Farawa, Allah ya yi wa Ibrahim alkawari, Ibrahim ya gaskata, aka lasafta masa wannan a matsayin adalci. Wannan yana sura ta 15. Umarnin kaciya bai zo ba sai a sura ta 17. Shari'ar Musa kuwa sai bayan ɗaruruwan shekaru. Ke nan, in ji Bulus, an karɓi Ibrahim tun bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya ƙara da cewa lada daban, kyauta daban. Wanda ya yi aiki aka biya shi, haƙƙinsa aka ba shi. Wanda aka yi wa kyauta kuwa ba shi da bakin fahariya. Wasiƙar Afisawa ta sake nanata cewa ceto baiwa ce, don kada kowa ya yi taƙama. Amma ayar da ke biye nan da nan ta ce an halicci masu bi ne domin ayyuka nagari.

Masu wannan koyarwa sukan kuma kawo labarai biyu daga Bisharar Luka. Na farko, misalin Bafarisiye da mai karɓar haraji. Ɗaya ya tsaya a Haikali yana lissafa azuminsa da zakkarsa. Ɗayan ya tsaya daga nesa, ya kasa ɗaga kai, yana roƙon jinƙai. Na biyun ne ya koma gida baratacce. Labari na biyu shi ne na ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu. Hannuwansa a kafe suke, babu sauran aikin da zai iya yi. Roƙo kawai ya yi, aka kuwa yi masa alkawarin Firdausi.

Yanzu kuma, masu sauraro, a juya a dubi ɗaya ɓangaren, domin cikin Littafi Mai Tsarkin nan akwai wata murya da take ja da baya. Ita ce wasiƙar Yakubu. Sura ta 2 ta ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce. Ta ce ko aljanu sun yarda Allah ɗaya ne, amma yardar ba ta amfane su ba. Ta kawo misalin wanda ya ga ɗan'uwansa cikin yunwa da tsiraici, ya sallame shi da fatan alheri, bai ba shi ko loma ba. Shi ma Yakubu da Ibrahim ya kafa hujja, sai dai shi ya duba ranar da Ibrahim ya yarda ya miƙa ɗansa hadaya. Haka kuma a Bisharar Matiyu sura ta 25, an kwatanta ranar shari'a da tambayar wa ya ciyar da mayunwaci, wa ya ziyarci marar lafiya da ɗan kurkuku. Duk mai son fahimtar wannan gardama da gaskiya, tilas ya riƙe Bulus da Yakubu tare.

Daga nan sai a matsa gaba cikin tarihi. A farkon ƙarni na biyar, wani malami mai suna Pelagius, mutumin tsibirin Birtaniya, ya koyar cewa ɗan Adam yana da ikon bin umarnin Allah da ƙoƙarin kansa. Ya ce Allah ba zai umarci abin da ba zai yiwu ba. Wanda ya tashi ya ƙalubalance shi ɗan Afirka ne, Agustin, bishop na birnin Hippo, inda yanzu ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya. Agustin ya ce zunubi ya raunana nufin mutum, har ba ya iya juyowa ga Allah sai alheri ya riga ya taɓa shi. Taron bishop-bishop da aka yi a Kartaj a shekarar 418 ya goyi bayan Agustin. Daga bisani, ikkilisiyar Yamma ta tsaya a kan cewa ceto da alheri yake farawa. Wannan muhimmin abu ne, domin Katolika da Furotesta duk 'ya'yan Agustin ne a wannan fage. Saɓaninsu a kan yadda alherin yake aiki ne.

Shekaru dubu bayan haka, rayuwar Kiristan Turai ta cika da matakai. Mutum ya yi zunubi, ya je wurin firist ya furta, a yafe masa, a ɗora masa wani aikin tuba. Abin da bai kammala ba a duniya, an koyar cewa zai kammala shi a wani zango na tsarkakewa bayan mutuwa. Ikkilisiya kuma tana ba da takardar sassauci, wadda take rage wannan horo. Sannu a hankali kuɗi suka shiga harkar.

A cikin wannan yanayi aka haifi Martin Luther a ƙasar Jamus, a shekarar 1483. Mahaifinsa harkar ma'adinai yake yi, kuma burinsa ɗansa ya zama lauya. A 1505 hadari ya rutsa da saurayin a hanya, tsawa ta faɗi kusa da shi, ya yi wa'adin zama ɗan zuhudu idan ya tsira. Ya cika wa'adin, ya shiga gidan 'yan zuhudu a birnin Erfurt.

A nan ya kamata a ɗan dakata, domin a nan ne zuciyar labarin take. Luther bai yi wasa da ibada ba. Ya yi azumi har jikinsa ya rame. Ya kwana cikin sanyi yana addu'a. Yakan zauna gaban shugabansa, Johann von Staupitz, ya shafe sa'o'i yana tono zunubansa ɗaya bayan ɗaya. Ya tashi ya kama hanya, sai ya tuna wani da ya manta, ya komo. Tambayar da take cin ransa ita ce, yaushe ne aikin zai isa? Wa zai tabbatar masa cewa tubansa ta kai? Daga baya ya faɗa da bakinsa cewa ya kai ga jin haushin maganar adalcin Allah, domin a fahimtarsa ta lokacin, adalcin nan shi ne ma'aunin da za a hukunta shi da shi.

Staupitz ya tura shi koyar da Littafi Mai Tsarki a jami'ar Wittenberg. Yana cikin nazarin wasiƙar Romawa ne ya fahimci sura ta farko ta wata fuska. Adalcin da ake magana a kai, in ji shi, shi ne wanda Allah yake ba mutum kyauta ta wurin bangaskiya. Abin da ya yi shekaru yana ƙoƙarin saye, ashe miƙo masa ake yi. Ya ce ya ji kamar an sake haihuwarsa.

Sai ga shekarar 1517. Wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yana yawo garuruwan da ke kusa da Wittenberg da takardun sassauci. Idan ya shigo gari, akan tarye shi da ƙararrawa da jerin gwano, a kafa gicciye a majami'a, a ajiye akwatin kuɗi. Ana nuna wa talakawa cewa abin da suka jefa zai gaggauta hutun iyayensu da suka rasu. Wani kaso na kuɗin yana tafiya ginin majami'ar Bitrus a birnin Rum, wani kason kuma biyan bashin babban bishop na Mainz. Mutanen Luther suka riƙa zuwa can suna sayowa, suna dawowa da takarda a hannu. Ranar 31 ga Oktoba Luther ya fitar da batutuwa 95 na muhawara a kan wannan ciniki. Injin buga littattafai ya yaɗa su ko'ina cikin Jamus.

Abin ya wuce batun takardu. A 1521 Fafaroma Leo na Goma ya kore shi daga ikkilisiya. A shekarar kuma aka gurfanar da shi gaban Sarki Charles na Biyar a birnin Worms, aka nemi ya janye littattafansa. Ya ce ba zai janye ba sai an nuna masa kuskurensa daga Nassi ko da hujja bayyananniya. Yariman yankinsa ya ɓoye shi a fadar Wartburg, inda ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci. A 1530 abokin aikinsa Philip Melanchthon ya rubuta Shahadar Augsburg, wadda ta zayyana koyarwar a rubuce. Gaskiya ne Luther ya sha wahala da wasiƙar Yakubu, har ya taɓa rage mata daraja idan aka gwada ta da wasiƙun Bulus. Amma bai cire ta daga Littafi ba.

To, me ikkilisiyar Katolika ta ce? Nan ma, masu sauraro, adalci ya wajaba. Babban taron da aka yi a garin Trent na arewacin Italiya ya fitar da matsayarsa a kan baratarwa a watan Janairun 1547. Taron bai ce mutum yana ceton kansa ba. Ya tabbatar cewa babu wanda zai barata da ayyukansa in ba tare da alherin Allah ba. Inda ya saɓa da Luther wurare uku ne.

Na farko, Furotesta sun ce a baratarwa Allah yana lasafta wa mai zunubi adalcin Almasihu, alhali shi kansa bai gama gyaruwa ba. Katolika sun ce Allah yana zuba adalcin ne cikin mutum, ya sāke shi daga ciki, farawa daga baftisma. Na biyu, Katolika sun ce mutum yana ba alheri haɗin kai, kuma ayyukan da ya yi da ikon alherin suna da lada na gaske. Bangaskiyar da take ceto, a wurinsu, ita ce wadda take aiki ta wurin ƙauna. Na uku shi ne batun tabbaci. Luther ya ce mai bi yana iya kwanciya da tabbacin an karɓe shi, tunda alkawarin na Allah ne. Trent ya yi gargaɗi cewa kada kowa ya cika baki da irin wannan tabbaci. Game da cinikin takardu kuwa, ikkilisiyar ta amince an yi ɓarna, kuma a 1567 Fafaroma Pius na Biyar ya haramta haɗa sassauci da kuɗi.

Yanzu a zo ga babban ƙorafin da ake yi wa koyarwar, wanda kowane mai hankali zai iya yi. Idan aiki ba ya ceto, me zai hana mutum ya ce ya ba da gaskiya, sa'an nan ya ci gaba da sheƙe ayarsa? Tun zamanin Bulus aka yi wannan tambaya, ya kuma amsa ta a Romawa sura ta 6 da cewa wanda ya mutu ga zunubi ba zai ci gaba da zama cikinsa ba. John Calvin, Bafaranshen da ya jagoranci gyara a ƙasar Suwizalan, ya ce wanda ya karɓi Almasihu ya karɓi abu biyu a haɗe, gafara da sabon hali, kuma ba a raba su. Da haka ne Furotesta suke sulhunta Bulus da Yakubu. Bulus yana maganar yadda ake karɓar mutum. Yakubu yana maganar yadda ake gane bangaskiyar gaske.

A duba gona lokacin damina. Ga ɗan ƙodago, ga ɗan mai gona, kowa da fartanya, kunya ɗaya suke bi. Mai wucewa ba zai bambanta su ba. Amma ɗan ƙodago yana noma ne don a biya shi da yamma, kuma ranar da bai yi ba, ba shi da komai. Ɗan gida yana noma ne domin gonar ta gidansu ce. Noman bai mai da shi ɗa ba, tun asali ɗa ne. Sai dai idan aka ga ɗan da ko kusa da gonar ba ya zuwa, dole a tambayi abin da yake zuciyarsa. Abin da koyarwar take nufi ke nan. Aikin kirki yana biyo bayan ceto ne, ba ya gabansa, amma lalle yana biyowa.

Duk da haka ƙorafin bai mutu ba, domin an ga inda aka mai da koyarwar matashin kai. A 1937, lokacin mulkin Hitler, wani fasto Bajamushe mai suna Dietrich Bonhoeffer ya zargi ikkilisiyarsa ta Lutheran da mayar da alheri abu mai araha, gafara babu tuba, baftisma babu biyayya. Shi kansa bai tsaya ga magana ba. Ya yi adawa da gwamnatin Nazi, aka rataye shi a 1945. Gargaɗin nasa ya fi nauyi saboda daga cikin gida ya fito.

Rabuwar nan ta ci rayuka. Addini ya cakuɗe da siyasar sarakuna, Turai ta sha yaƙe-yaƙe, mafi muni shi ne na shekaru talatin da ya ƙare a 1648. A ƙarni na ashirin ɓangarorin suka zauna teburi ɗaya da niyyar sauraron juna. Ranar 31 ga Oktoban 1999, a birnin Augsburg, wakilan Katolika da na Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwar haɗin gwiwa. Sun amince tare cewa da alheri kaɗai ake karɓar mutum, ta wurin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantarsa ba, kuma Ruhu Mai Tsarki ne yake sabunta zuciya ya kira ta ga ayyuka nagari. Sun ce la'anar da kakanninsu suka yi wa juna ba ta hau kan koyarwar kamar yadda aka bayyana ta a takardar ba. 'Yan Methodist sun shiga yarjejeniyar a 2006, ikkilisiyoyin Reformed kuma a 2017. Ba kowa ne ya gamsu ba. Akwai Furotesta da Katolika masu ganin an lulluɓe saɓanin ne da lafazi mai daɗi. Amma ko ba komai, an daina jingina wa juna abin da ba a faɗa ba, kuma wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne.

A ƙarshe, a dawo gida. Koyarwar ta iso arewacin Nijeriya da kudancin Nijar ta hannun 'yan mishan na Furotesta, irin su SIM, wadda ECWA ta fito daga aikinta, da SUM, wadda ta haifi ikkilisiyoyi da dama da ke cikin TEKAN. Wani likita ɗan ƙasar Danmak, Niels Brønnum, ya sauka a Numan a 1913, kuma daga wannan aiki ne ikkilisiyar Lutheran ta LCCN ta tsiro. A 2017 aka zaɓi babban bishop ɗinta, Musa Panti Filibus, ya shugabanci Tarayyar Lutheran ta Duniya, wato ƙungiyar da ta sa hannu a Augsburg. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa kuwa ya fito tun 1932, don haka gardamar Bulus da Yakubu da harshen nan ake karanta ta a majami'un Filato da Kaduna da Adamawa da Maraɗi.

Masu sauraro Musulmi ba za su ji tambayar baƙuwa ba. Malaman Musulunci na farko su ma sun yi doguwar muhawara a kan dangantakar imani da aiki, da matsayin mai babban zunubi. Amsoshin addinan biyu sun bambanta ƙwarai, musamman a kan gicciye, kuma babu amfanin ɓoye hakan. Amma sanin ainihin abin da maƙwabci ya gaskata ya fi dogara ga ji-ta-ji-ta.

Akwai kuma abin da ya shafi Kiristocin yau kai tsaye. Ana samun wuraren da ake gaya wa gwauruwa ko marar aikin yi cewa girman baikon da ya bayar shi ne girman albarkar da zai samu. Ana auna kusancin mutum da Allah da kaurin ambulan ɗinsa. Duk majami'ar da take kiran kanta Furotesta kuma take wannan, ta koma kan ainihin abin da Luther ya tashi yaƙa a 1517. Mai bi yana ba da zakka da baiko ne don godiya. Ranar da aka mai da su farashi, an bar koyarwar.

Jama'a masu sauraro, wanda yake son ya auna maganar da kansa, ya buɗe Romawa sura ta 3 da ta 4, sa'an nan ya buɗe Yakubu sura ta 2, ya karanta su a zama ɗaya. Idan wani abu ya shige masa duhu, ya tambayi fasto, ya kuma tambayi fada, ya ji daga bakin kowa.